Oom Karools da Kuɗin Buɗe Kwalba

Duk wanda ya tashi a gonakin inabin bayan Wellington, can wajen Cape Town, ya san Oom Karools Jantjies; Oom kuwa kawu ke nan a harshensu. Gajere ne siriri, rana ta gasa masa ƙeya har ta yi baƙi ƙirin, kuma ba ka ganinsa ba tare da malafarsa da 'yar wuƙa a aljihun riga ba. Sana'arsa auren itacen inabi. Zai ɗauko gindin irin da ke jure cuta, ya tsaga shi, ya zaunar da reshen irin da ke ba da 'ya'ya masu kyau a kai, ya ɗaure, ya tsoma a narkakken kaki. Idan sanyi ya shigo yakan wuni a rumfa yana wannan aikin, hannunsa na tafiya kamar ba ya kallo. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a gona guda.

Abin da ke ba baƙi mamaki shi ne, mutumin da rabin itatuwan kwarin nan suka bi ta hannunsa bai san ɗanɗanon giyarsu ba. A zamanin mahaifinsa, wani kaso na ladan ma'aikaci da giya ake biya: gwangwani ɗaya da safe, ɗaya da rana, biyu idan an tashi. Mahaifin nasa mutumin kirki ne da safe, mai waƙa da ba'a, amma da yamma yara ɓuya suke yi a bayan akurkin kaji. Bai kai hamsin ba aka tsince shi a bakin madatsar ruwan gonar. Karools, yana ɗan shekara sha tara, shi da wansa suka ɗauko gawar a kan tsohon ƙyaure. Tun ranar bai ƙara kai kofin giya bakinsa ba. Ba ya yi wa kowa wa'azi a kai. In an miƙo masa sai ya ce, “Na gode, cikina ne ba ya so,” ya nemi shayi.

Matarsa Antie Doortjie ita ce bakin gidan. Ta yi shekaru tana jera inabi a kwali, daga baya ta koma dafa wa yaran ma'aikata abinci. In shi ya yi magana ɗaya ita ta yi goma, kuma yawanci tara daga ciki gaskiya ne. 'Ya'yansu uku. Mazan biyu suna aikin gini a Cape Town, auta kuma, Lezanne, ita ce ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya a Paarl.

Ranar da Karools ya ajiye aiki, ɗan mai gonar ya tara ma'aikata a inuwa, ya yi jawabi, ya ba shi agogon hannu da kwali mai kwalba uku. Giyar gangaren dutse ce, wani yanki mai jar ƙasa da tsakuwa wanda Karools da kansa ya dasa tun yana da ƙarfin ɗaukar buhu biyu. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Da suka koma ɗan gidansu a gefen gari, Antie Doortjie ta ɗora kwalin a saman kabad, nan ya zauna shekara uku yana shan ƙura.

Sai ga Lezanne ta zo da maganar aure. Yaron sunansa Denzil Cupido, direban motar ɗaukar marasa lafiya. Ba shi da matsala, iyayensa ne abin tunani: ubansa tsohon shugaban makaranta ne a Bellville, wanda har matarsa Meneer, wato yallaɓai, take ce masa a gaban mutane. Aka sa ranar Lahadi domin iyaye su ga juna.

“Pappie, mu yi a gida kawai,” in ji Lezanne. “Mammie ta dafa naman rago da tumatir, a aro kujeru a coci.”

“Kujerun roba?” ya ce. “Mutumin da ya riƙe makaranta?”

“To a kan me kake so ya zauna, gadon sarauta?” in ji Antie Doortjie daga kicin. “Gindi dai gindi ne, Karools.”

Shi dai ya riga ya yanke shawara. Tunda aka haifi yarinyar nan bai taɓa zaunar da ita a wurin da wani zai kawo mata abinci a faranti ya ce ranki ya daɗe ba. Sau ɗaya dai yana so ya yi. Maƙwabcinsa direban tasi ne ya ba shi dabara, ya ce abin da ke kashe mutum a irin wuraren nan ba abinci ba ne, giya ce, kuma masu wayo da kwalbarsu suke zuwa daga gida.

Ranar Laraba ya sa rigar coci, ya hau tasi zuwa Paarl, ya tsaya a ƙofar wani gidan cin abinci mai tebura a ƙarƙashin manyan itatuwa. Jerin abinci yana manne a allo. Ya fiddo fensir, ya kwafi farashin abin da ya fi tsada da wanda ya fi araha a bayan wata ambulan, ya yi lissafin mutum shida. Wata ma'aikaciya doguwa mai fara'a ta fito, sunanta Rufaro a rubuce a ƙirjin rigarta. Daga jin harshenta ya san 'yar Zimbabwe ce.

“'Yata, in mutum ya zo da kwalbarsa, kuna yarda?”

“Muna yarda mana, Oom.” Sai ta ƙara wata magana da Turanci, da sauri, har da wata kalma da bai taɓa ji ba. Shi kuwa, da yake Turanci ba harshensa ba ne, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaɗa kai in an yi masa Turanci da sauri. Ya gyaɗa kai. Ta rubuta sunansa: mutum shida, Lahadi, ƙarfe ɗaya.

Da ya sauko da kwalin ranar Asabar, kwalba biyu ya tarar.

“Doortjie, ba uku ba ne?”

“Ka tsufa,” ta ce, ba ta ko juyo ba. “Goge su, duk ƙura ce.”

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci suka isa, kuɗinsa rand dubu biyu da ɗari shida na naɗe a aljihunsa na ciki. Meneer Cupido ya zo da kwat da ɗaurin wuya duk da zafin da ake yi, matarsa Antie Maureen na biye da shi, mace mai sanyin murya. Da farko hirar ta ƙi kamawa. An yi maganar hanya, an yi maganar iska. Sai Rufaro ta kawo manyan kofunan gilashi, ta karɓi kwalbar farko, ta goge ta da farin ƙyalle, ta zare toshiyar a hankali, ta zuba wa Meneer kaɗan.

Meneer ya jujjuya kofin, ya tura hanci ciki, ya lumshe ido. “Hmm. Akwai ƙamshin busasshen ganye. Da wani abu kamar ƙasa bayan ruwan sama. Wannan ba ƙaramar giya ba ce, Meneer Jantjies. Ina ka samo ta?”

Ba a taɓa kiran Karools Meneer ba sai a asibiti. Ya gyara zama. “Ni na dasa itatuwan. Shekarar wannan kwalbar ruwa ya yi ƙaranci, 'ya'yan suka fito ƙanana kamar wake, ɓawonsu da kauri. Mun tsinke su da sassafe kafin rana ta taɓa su.”

“Kai ka dasa? Kuma kana zaune da kofin shayi?”

“Shi dasawa ya iya,” in ji Antie Doortjie. “Sha kuwa ya bar wa masu ilimi.”

Meneer ya kwashe da dariya har sai da ya cire tabarau. Daga nan hira ta ɓarke. Ya yi ta tambaya yadda ake haɗa itace biyu su zama ɗaya, Karools ya ɗauki cokali da wuƙar tebur yana nuna masa. Matan biyu suka gano cewa kakanninsu daga gari ɗaya suke. Aka ci gasasshen kifi da naman rago, aka buɗe kwalba ta biyu. Lezanne na kallon ubanta yana magana mai tsawo a gaban baƙi, abin da ba ta taɓa gani ba. Ana tsakiyar cin abinci aka kira Rufaro ciki saboda wata babbar tawaga ta iso, wani ma'aikacin daban ya ƙarasa hidimar teburinsu. Shi ne ya kawo takardar kuɗin a cikin 'yar jakar fata, Karools ya yi saurin ɗora hannu a kai kafin Meneer ya miƙa nasa.

Ya buɗe a ƙarƙashin tebur. Lambar ƙasa ya fara dubawa: dubu uku da ɗari tara da hamsin.

Ya ɗauka idonsa ne. Ya matso da takardar, ya nisanta ta, lambar ba ta canza ba. Abinci dubu biyu da ɗari da tamanin, daidai da lissafinsa. A ƙasa kuma ga sunan gonarsu, sau biyu, ɗari bakwai da casa'in kowace. A ƙasan wannan ga wata kalma, ita ma sau biyu, casa'in da biyar. Ya gane ta. Ita ce kalmar da yarinyar ta faɗa ranar Laraba, ya gyaɗa kai.

Bai kawo wa ransa cewa kuskure aka yi ba. Abin da ya fara zo masa shi ne: ashe haka dokar take, in ka zo da kwalbarka sai ka saye ta a hannunsu, an kuma gaya maka, kai ne ba ka ji ba. Ya tuna dabarar maƙwabcinsa, ya ji kamar ya nutse. Ya dubi Lezanne tana dariya da surukarta, ya ce bari ya zaga, ya tashi da jakar a hammata.

A wurin biyan kuɗi ya tarar da manajar wurin, wata Baturiya mai kimanin shekara hamsin, tabarau a rataye a wuya, tana danna na'ura. Ya cire malafarsa, ya kira ta Mevrou, wato uwargida.

“Mevrou, ina neman alfarma. Kuɗin hannuna dubu biyu da ɗari shida ne. Ragowar zan kawo ranar Talata in an biya kuɗin tsofaffi. Ga agogona, ga katin shaidata, ki riƙe. Roƙona kawai kada a je teburin can.”

Ta ɗago ta dube shi, ta karɓi takardar. “Ba ma ba da bashi, Oom. Amma tun farko ai da an duba farashin giyar kafin a ce a kawo.”

“Ban ce a kawo ba. Da ita na zo.”

“Da ita ka zo?” Ta sa tabarau. “Wannan giyar muna sayar da ita, tana cikin jerinmu. Rufaro! Zo nan.”

Rufaro ta zo da tire a hannu, ta leƙa takardar, ta zaro ido. “A'a Mevrou, ai ba a haɗa biyun. Ko dai kuɗin giya, ko kuɗin buɗe kwalba. Ni na sa kuɗin buɗewa, don Oom da kwalabensa ya zo, a leda. Wanda ya karɓe ni ne ya ga kwalaben a tebur ya ɗauka namu ne.”

Aka kira ɗayan ma'aikacin. Ya ce shi dai ya ga kwalba biyu irin nasu, ya duba na'ura bai ga an shigar ba, ya shigar, kuma makon jiya an cire masa kuɗi a albashi saboda irin wannan mantuwar. Manajar ta dafe goshi. Ranar ta yi mata yawa, ga tawaga na jira a ciki.

“Shi ke nan,” ta ce, “tunda ba a haɗa biyun, a cire kuɗin buɗewa, a bar na giyar.”

“Mevrou, akasin haka za a yi,” in ji Rufaro.

“Ke kin tabbata ba daga ma'ajiyarmu kika ɗauko ba? Kin yi tebur nawa yau?”

Rufaro ta yi shiru, fuskarta ta canza. Karools ya san wannan shirun, ya sha yin irinsa a gaban masu gona. Kunyar da ta danne shi tun daga tebur ta ɗan saki, ya ji muryarsa ta dawo.

“Mevrou, kada ki ɗora wa yarinyar nan. A ɗauko kwalbar da muka sha, a ɗauko taku ɗaya. Ki duba shekarar.”

Aka ɗauko. Tasu ta shekara uku baya ce, tasa ta girme ta da shekara huɗu. Ya nuna mata da yatsa. “Ta wannan shekarar ba ta yi yawa ba, saboda fari. Ganga goma sha ɗaya kacal aka samu. Ba na jin ta taɓa shigowa gidan nan.”

“Ya aka yi Oom ya san gangunan?”

“Ni na ɗora inabin a mota.”

Ta shiga ciki da kanta ta ƙirga kwalaben da ke ma'ajiya. Da ta fito wuyanta ya yi ja har kunne. Ta ba shi haƙuri sau biyu, ta ba Rufaro sau ɗaya, ta buga sabuwar takarda: dubu biyu da ɗari uku da saba'in. Karools ya bi layukan da yatsa har ya iso kan kalmar nan.

“To wannan fa? Ku yi min bayani da harshen da zan gane. A hankali.”

Rufaro ce ta yi masa. Ta ce in mutum ya zo da kwalbarsa, gidan bai sayar masa da tasa ba ke nan, ga shi kuma an ba shi kofuna, an buɗe masa, an zuba masa, za a wanke. Shi ya sa ake karɓar wani abu a kan kowace kwalba.

“Casa'in da biyar don a zare toshiya?” ya ce. “Da kin faɗa min ai da na zare da wuƙata a waje.”

“Ko Oom ya zare a gida sai an karɓa,” ta ce tana danne dariya.

“Kuɗin, ke ake ba wa?”

“A'a, na gidan ne.”

Ana haka sai ga Meneer Cupido, ya gaji da jira ya biyo sahu. Kallo ɗaya ya yi wa takardun biyu ya gane abin da ya faru, nan take shugaban makarantar da ke cikinsa ya farka. Ya ce wannan cin mutunci ne, an tsayar da dattijo kamar ɓarawo a kan giyar da ya dasa da hannunsa, kuma mafi ƙarancin abin da za su yi shi ne su yafe kuɗin buɗewar. Manajar ta ce ta yarda, dama abin da take shirin faɗa ke nan.

“A'a,” in ji Karools. “Kowa na biya?”

“Kowa na biya, Oom.”

“To ni ma zan biya. Ba rangwame na zo nema ba. So nake in san abin da nake biya, yanzu kuma na sani.”

Ya ƙirga kuɗin a kan kanta, ya tura wa Rufaro ragowar ɗari biyu da talatin, ya maida agogonsa hannu. Kafin ya juya ya ce a ba shi tsohuwar takardar, wadda aka yi kuskuren. Manajar ta yi mamaki amma ta ba shi. A hanyar komawa tebur Meneer ya riƙe masa hannu ya ce, “Ba wanda zai ji daga bakina.” Kafin a kawo kofi kowa ya ji, daga bakin Meneer ɗin, har da kwaikwayon muryar manajar. Lezanne ba ta yi dariya ba. Ta zagayo ta tsaya a bayan kujerar ubanta, ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ta daɗe a haka.

A tasi, kan hanyar Wellington, ya fiddo takardar yana kallo. Gonaki na wucewa ta taga, layi bayan layi.

“Me kake ta kallo?” in ji Antie Doortjie.

“Ɗari bakwai da casa'in, Doortjie. Kwalba ɗaya. Sai in yi kwana uku da rabi a rumfa kafin in sami haka.”

Shi kansa bai san ko haushi yake ji ko alfahari ba. Duk tsawon shekarun nan ya san giyar gangaren dutse tana da daraja, amma bai taɓa ganin darajar a rubuce ba, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ya gaya masa. Ya jira matarsa ta yi faɗa, ta zagi masu gona da masu gidan abinci gaba ɗaya, kamar yadda ta saba. Sai ya ji shiru. Ya juya ya ga ta rufe baki da hannu.

“Karools, ka tuna miyar jelar sa ɗin nan da na dafa bara da Kirsimeti, wadda ka ce ba ka taɓa cin irinta ba?”

Ya dube ta.

“Kwalba ta ukun nan, rabi na zuba a tukunya. Rabin kuma na ba matar maƙwabci, ta ce tana maganin hawan jini.”

Direban tasin, wanda duk yana jin su, ya yi dariya har sai da ya rage gudu. Aka wuce gada. Sannan Karools ya ce, “To ai ta dahu, giyar ta fita,” ita kuma ta ce ta fita sarai, ta tambayi matar fasto.

An ɗaura auren a watan Nuwamba, aka yi walima a zauren coci, a kan kujerun roba, ba wanda ya yi ƙorafi. Karools bai ƙara komawa gidan cin abincin ba, ba don fushi ba, sai don sau ɗayan da ya yi niyya ya riga ya yi. Yanzu shekararsa sittin da bakwai, gwiwa ta fara ba shi wahala, Lezanne kuma ta hana shi gishiri da sukari a shayi, yana sha a ɓoye in ya je wurin maƙwabci.

Abin da ba wanda ya zata shi ne abotarsa da Meneer Cupido. Tsohon malamin ya ajiye ɗaurin wuya, yana tuƙo motarsa daga Bellville duk bayan mako biyu ranar Asabar, su tafi kamun kifi a madatsar ruwa, su wuni ba su kama komai ba. Meneer na magana, Karools na saurare. Kwanan baya ma Meneer ya kafe sai sun tafi bakin teku a hutun Ista, su da matansu da jaririyar Lezanne, ya ce ya samo wani gida mai araha. Antie Doortjie ta ce ba inda za ta sai an nuna mata hoton banɗakin. Karools ya ce shi zai je, in dai ba za a sa shi ya shiga kwale-kwale ba.